Ki Zaɓa Mana

A saman ƙofar wurin aikinmu akwai allon da Baba ya sa aka rubuta tun ina 'yar makaranta. Mai fentin ya yi tuntuɓen harafi ɗaya, maimakon haƙori ya rubuta haƙuri, allon ya fito "Masu Haɗa Haƙuri". Baba ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar shi haka, ai mutumin bai yi ƙarya ba. Baba ya rasu, fentin ya koɗe, allon yana nan. Ni tun a lokacin ban ga abin dariya a ciki ba.

Aikinmu ƙera haƙora ne. Likita ya auna bakin mutum ya aiko mana da samfuri, mu kuma mu yi hular da za a kifa a kan haƙorin da ya lalace. Masu bakin ba ma ganinsu, bakunan kawai muke gani, na filasta, jere a kan kanta suna yi mana yaƙe tun safe. Mu biyu Baba ya bari a ɗakin, ni da ƙanena, autanmu, wanda kowa ke kira Bahago don da hagu yake yin komai, har miƙa gaisuwa in ba a harare shi ba. Teburina yana jikin taga saboda ni ke haɗa launi, nasa yana jikin bango kusa da injin gogewa.

Sana'ar nan tana ɓata mutum. Ana gaishe ni ina kallon baki, a gama hira ban san kalar rigar mutum ba amma na san wane haƙori ne ba nasa ba. Kuma kowane maƙeri da hannunsa, kamar rubutu. Na Bahago ba ya ɓuyar mini. Siraran layukan nan da ake ja a fuskar haƙori don ya yi kama da na Allah, nasa kullum sai sun karkata gefe guda, ga shi da son fari kamar mai tallan faranti. Kafin a kai aikinsa nakan ɗauka in ɗan shafa, in rage hasken. Ban taɓa yi a ɓoye ba. A gabansa nake yi, yana kallo.

Irin aikin da Baba ya koya mana, ƙarfe ne a ciki, tangaran a sama. Yana da ƙarko, amma in ya kwana biyu sai baƙin layi ya fito a gindin haƙorin, daidai dasashi, mutum ya koma dariya da rabin baki. Yanzu mutane sun waye, tangaran zalla suke so, shi kuma ba ya yiwuwa sai da tanderun matsi. Za ka sassaƙa haƙorin da kaki irin na zuma, ka binne shi a cikin filasta mai siffar gwangwanin madara, ka ƙone kakin ya bar gurbinsa, sannan tanderun ya narkar da ƙwayar tangaran ya danna ta cikin gurbin. Wannan tanderun ne ba mu da shi. Likitoci suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba gaba, akwatunan aikin da ke zuwa da safe ne kawai suka riƙa raguwa. Dogon Likita, wanda rabin aikinmu daga hannunsa yake fitowa, shi bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ko mu samo tanderun, ko ya nemi wani wurin. Na san in ya tafi, sauke allon Baba ne kawai ya rage.

Wata safiya Bahago yana goge wani aiki, takunkumi a fuska, injin yana ta ƙara, ya yi magana bai ko ɗago ba.

"Yaya, maganar tanderun nan. Ki zaɓa mana."

"Me ka ce?"

Ya kashe injin. "Na ce ki zaɓa mana. Kin fi ni ido a kan waɗannan abubuwan. Wanda kika nuna, shi za a saya."

Na ji daɗi ƙwarai. Na daɗe ina ganin kamar yaron nan ya gaji da ni da ɗakin gaba ɗaya, yana shigowa kamar wanda aka aiko, yana fita kamar wanda aka saki. Na ce a raina, ashe har yanzu ya san wace ce babba.

A ranar, da aka tashi daga aiki, na biya wajen Mama. Haƙorinta na sama, na gaba, Baba ne ya yi mata shi da hannunsa, kuma baƙin layin nan ya fito masa har ta koyi dariya da tafin hannu a baki. Matar maƙerin haƙori, uwar maƙera biyu, tana ɓoye baki a gaban baƙi. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Na ce, "Mama, haƙorin farko da zai fito daga sabon tanderu naki ne. Ni zan sassaƙa shi."

Ta ce, "Allah ya nuna mana, Yayarsu." Haka take kirana, ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Washegari na tono tsohon samfurin bakinta a cikin kabad ɗin Baba, na busa ƙurar, na fara gwada hannu a kai.

Dillalin kayan aikinmu yana da shago a saman wani kantin magani, sai ka hau matakala mai warin kwali. Mutum ne mai fara'ar da ta yi yawa, haƙoransa na ƙasa sun hau juna, na so in gaya masa na danne. Tanderu uku ya jera mini. Sunayensu na kamfani ba sa zama a kai, sai na raɗa musu nawa. Akwai Amarya, fara sol, da gilashin da ake taɓawa, in ta gama aiki har ɗan kiɗa take yi. Akwai Mai Tari, wanda ba ya motsi sai da injin iska a gefe, jim kaɗan ya yi tari ya girgiza tebur. Sai Jaki, ƙato, ruwan toka, da maɓallai irin na tsohuwar rediyo, an tura shi can lungu kamar ɗan'uwan da ake jin kunyarsa.

Dillali Amarya yake so ya aurar.

"Malama, wannan ita ake yayi. Ko yaro ne ya danna nan, ya danna nan, shi ke nan."

"Ba yaro zan saya wa ba. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki fa?"

"Sai a sake daga farko."

"Haƙorin da ke ciki kuma?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Shi ma sai a sake."

"In wayar da ke ba da zafi a cikinta ta ƙone, a ina zan samu?"

"Ana yin oda."

"Daga ina?"

Ya nuna sama da hannu, kamar daga gajimare za a jefo.

Na ce ya tattara takardunsa masu ƙyalli, ni da kakina zan zo. Duk ranar da ba aiki sai in hau matakalar nan da gwangwanayena a cikin jaka. Haƙori ɗaya nake sassaƙawa, na Mama, in sirantar da bakin hular kamar ɓawon albasa, don a wannan siririn bakin ake gane tanderu mai gaskiya. In zafinsa bai kai ko'ina ba, tangaran ba zai isa can ba. Amarya samanta wuta, ƙasanta sanyi, haƙorin ya fito da gibi kamar ɓera ya gutsura. Mai Tari kuwa ƙarfi ne ba hankali, bai san gurbi ya cika ba, ya yi ta dannawa har gwangwanin ya tsage, haƙorin ya fito da fukafukai. Jaki ba ya sauri, sai ka ƙosa da jira. Amma yana jin lokacin da gurbi ya cika, ya tsaya da kansa, zafinsa ɗaya sama da ƙasa, kayan gyaransa kuma ana samunsu a gari. Wata rana yana tsakiyar matsi na miƙa hannu na zare wayarsa daga bango da gangan. Dillali ya kusa kuka. Na ɗan jira na mayar, Jaki ya ci gaba daga inda ya tsaya, haƙorin ya fito lafiya lau. A ranar ne gwangwani mai zafi ya goge ni a wuyan hannu, tabon yana nan har yau.

Da na gama na zaunar da Bahago a teburina na zube masa haƙoran gwajin, na kowane tanderu daban. Ƙwayoyin gwaji na dillali kala ɗaya ne, fari fat, ba a sa wa mutum, amma sun isa su nuna aiki. Na ce, "Jaki."

Bai yi musu ba. Ya saurare ni irin sauraron da bai taɓa yi mini ba tun yana ƙarami. Ya tambayi zafin da kowace ƙwaya ke so, ya tambayi kaurin bututun kakin da tangaran ke bi ya shiga gurbi, ya tambayi yadda ake barin gwangwani ya huce don kada haƙorin ya tsage. Ni kuwa baki ya buɗe. Duk abin da na ƙona hannuna na koya, na zazzage masa shi tas, har da abin da bai tambaya ba. Murna nake yi wai ƙanena ya dawo.

Na gyara wa Jaki wuri. Na ja kabad ɗin Baba zuwa bayan ƙofa, abin da ban taɓa yarda wani ya yi ba. Na kira mai gyaran wuta ya ja sabuwar waya mai kauri ya kafa soket a bango. Kowace safiya sai na goge kan kantar nan da babu komai a kai.

"Yaushe za a kawo?"

"Ana kan magana, Yaya."

Ya fara fita da rana ya bar ni, wai yana zagaya likitoci kada su manta da mu. Akwatunan Dogon Likita suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, na tambaya, ya ce mutumin ya ce mu ba shi lokaci. Ko Mama in na kira na ce zan biyo sai ta ce in huta, aiki ya yi mini yawa, lafiyarta ƙalau. Aikin da babu shi ne ya yi mini yawa.

Ina zaune wata rana da hantsi ina gyara wa wani tsoho haƙoran roba da suka karye, sai ga dillali ya turo ƙofa da kafaɗa, rungume da kwali, fara'ar nan tana gaba yana biye.

"Malama, yaya Jakinki? Maigidan, ƙanenki, ya ce tun da aka kafa shi bai ɓata aiki ko ɗaya ba. Ai na ce masa ke ba a ja da ke. Ga kyautar kamfani da na manta, ƙwayoyin tangaran ne da sandunan matsi. Nan zan sauke ko can zan kai?"

"Can ina?"

"Sabon wurinku mana, bayan asibitin Dogon Likita."

Sai a lokacin idonsa ya faɗa kan kantar da na goge da safe, da sabon soket ɗin da ba a jona komai ba. Ina kallon fara'ar tana zubewa daga fuskarsa har ya rufe haƙoran nan nasa masu hawa juna. Ya fara cewa ai shi ya ɗauka, na ce ya bar ɗaukar, ya ba ni kwalin, ni zan kai.

Ƙaramin ɗaki ne a bayan asibitin, ana bi ta gefen wurin ajiye motoci. Warin sabon fenti, sanyin na'ura, farin tayil har bango. Babu taga ko ɗaya, na lura da wannan tun kafin in lura da komai, na ce a raina, wai a nan za a haɗa launi. Bakunan filasta jere a kan kanta, akwatunan da ke ƙarƙashinsu duk na san masu su. A tsakiya ga Jaki, jar fitilarsa a kunne, yana aiki a hankali yadda ya saba. Bahago yana gabansa da sabuwar farar riga da ko ninkin kanti bai bar ta ba.

"Yaya."

"Ga saƙonka." Na dire kwalin.

"Na so in gaya miki."

"Yaushe? Ranar sauke allo?"

Ya sunkuya ya ja kwalin gefe.

"Ka ce in zaɓa mana."

"Haka na ce."

"Manan nan, su wa da wa ke ciki?"

Ya kalli tayil. "Ni da Likita. Shi ya saya, ɗakin ma nasa ne. Ni hannu na kawo."

"Ni kuma fa?"

"Ban taɓa ce miki a can za a kafa ba, Yaya. Ke kika ɗauka."

Na tsaya ina lalube a cikin kaina, tun daga safiyar da ya kashe injin har zuwa yau, ko zan samu wuri ɗaya da ya ce ɗakinmu, ko ya ce ni da ke. Ban samu ba. Kalma ɗaya ya miƙo mini, ni na buɗe ta na shiga ciki na shimfiɗa tabarma. Wannan ya fi ƙona ni fiye da a ce ƙarya ya yi mini, don ƙarya ko ba komai ana iya jefa wa mai ita.

Sai shi bakinsa ya buɗe.

"Dubi gemuna, ya fara furfura. Har yau ban taɓa fitar da haƙori daga ɗakin can ba sai kin shafa. Ko ɗaya. Likita in ya kira, ke yake nema. 'Ya'yana sun ɗauka aiki nake yi miki."

"Layukanka ne suke karkacewa."

"Suna karkacewa, kuma mutane suna cin abinci da su."

"To me ya hana ka zaɓi tanderunka da kanka, tun da ka girma?"

"Da Amarya zan ɗauko," ya ce, ko kunya babu. "Kin fi ni sani, ban taɓa musu ba. Zama a ƙarƙashin sanin ne na gaji da shi."

Sai ya koma lallashi, wanda da bai yi ba da ya fi. Wai aikin ƙarfe ai bai mutu ba, akwai masu so, duk zai riƙa tura mini. Wai gyaran haƙoran roba na tsofaffi ma yana nan. Wai in na samu aikin tangaran in sassaƙa in aiko, zai matsa mini, ba komai, ai ɗaya muke. Zai matsa mini, a tanderun da tabonsa ke wuyan hannuna.

Jaki ya tsaya da kansa, murfin ya ɗaga. Bahago ya juya ya ɗauki awartaki da hagunsa, ya fito da gwangwanin ja zur, ya ɗora shi a kan raga nesa da iskar na'ura, daidai yadda na koya masa. Na fita na bar ƙofar a buɗe.

Wajen Mama na nufa. Na same ta a falo tana ninke wanki. Da ta gan ni sai hannu ya tafi baki. Ban zauna ba, a tsaye na juye mata komai, dillali, kwali, ɗakin da ba taga, da manan da ba ni a ciki. Tana ji tana ninke riga ɗaya da hannu ɗaya. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi komai ba.

Na ce, "Kin sani."

"Zauna tukuna, Yayarsu."

"Mama, kin sani."

"Ya ce kada in yi magana sai ya same ki da kansa. Kin san Auta da nauyin baki."

Rigar ta zame mata, ta kai hannu biyu ta tare. A nan na gani.

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Na kama haɓarta na juya fuskar wajen taga, kamar yadda nake juya bakin filasta. Ta bar ni, ta ɗan ɗaga leɓe. Haƙorin Baba babu shi. A gurbinsa ga sabo, tangaran zalla, haske yana ratsa bakinsa. Ya fi na kusa da shi fari, duk mai ido zai gani. Siraran layukan sun karkata gefe guda.

"Likitan da kansa ya aiko mota aka ɗauke ni," ta ce, haɓarta tana hannuna. "Shi ne na farko da ya fito daga injin. Auta ya ce ke kika ce na farko nawa ne, shi ne ya cika miki alkawari."

Na kai farce na bi gindin hular, inda ta haɗu da dasashi. Nema nake in ji ya maƙale, in samu gibi ko kaifi, ko ɗan abin da zan riƙe. Farcen ya wuce sumul. Siririn bakin nan ya cika har ƙarshe, ya kwanta kamar a nan aka halicce shi. Jaki ya yi aikinsa, ban yi kuskuren zaɓe ba.

"Ya yi kyau?"

"Ya zauna."

Ta dafa kaina. "Ki yi haƙuri. Ke ce babba, ɗan'uwanki ne."

Na ce, "Shi ya ba ki haƙori, ni kin ba ni haƙuri."

Ta ɗauka wasan Baba na tuno. Ta tuntsire da dariya har ta jingina da kujera, baki a buɗe, hannayenta biyu a kan cinya. Shekaru na yi ina son in ga wannan dariyar, ga ta kuwa na gani. Na jira ta gama, na taya ta ninke sauran wankin.

Washegari na buɗe ɗaki ni kaɗai, na wuce ta ƙarƙashin allon ban ɗaga kai ba. Haƙoran roban tsohon nan suna nan inda na bar su. Na mayar da samfurin bakin Mama cikin kabad, na ɗauko butar shayi na jona a sabon soket ɗin. Wayar mai kauri ce, nan da nan ruwan ya tafasa.